Gubar maganin ciyawa: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, yaron maƙwabciyata ya kurɓi maganin ciyawa da aka zuba a gorar lemo. Mun ɗura masa manja da madara, ya yi amai, yanzu har yana wasa. Sai mun je asibiti? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Baiwar Allah, ku kai shi yanzun nan, ku tafi da ainihin jarkar maganin domin a san irinsa. Manja da madara ba sa karya guba, ɗura da tilasta amai kuma kan sa ruwan ya faɗa huhu.

Abin da nake tsoro shi ne farakwat, wanda manoma suka fi sani da Gramoxone, mai launin shuɗi-kore da wari. Kurɓa ɗaya tana iya kashe babba, balle yaro, kuma ba shi da makari. Mugun halinsa shi ne mutum ya ga kamar ya warke. Da farko baki da maƙogwaro su yi gyambo, sai ƙoda da hanta su taɓu, bayan kwanaki ko makonni huhu ya ƙangare, numfashi ya gagara. Saboda haka wasan yaron nan kada ya kwantar muku da hankali.

A asibiti, idan an zo da wuri, muna ba da gawayi na musamman mai riƙe gubar a hanji. Ba gawayin murhu ba ne. Sai ƙarin ruwa, gwajin ƙoda, wani lokaci da wankin jini. Ba ma gaggawar sa iskar oksijin sai numfashi ya yi tsanani, domin tana ƙara wa wannan gubar ƙarfi a huhu. Tarayyar Turai ta haramta farakwat tun 2007, NAFDAC ma ta hana shi, amma ragowarsa na nan a hannun mutane.

Tambaya: Injin feshina yana yoyo a bayana, fatar ta yi ja tana zafi. Me zan shafa? Daga wani manomi a Giwa.

Amsa: Malam, kafin shafa komai, cire rigar, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ya shiga ido, a zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Fata mai rauni tana barin guba ta shiga jini, don haka in ya yi ƙuna ko gyambo, je asibiti. Gyara injin kafin ka koma gona. Sa doguwar riga, safar hannu, takalmin roba da takunkumi, ka bai wa iska baya. Kada ka busa bakin injin da bakinka in ya toshe, kada ka ci goro ko abinci sai ka wanke hannu.

Tambaya: Idan na wanke jarkar Roundup sosai, zan iya zuba mai ko ruwan sha?

Amsa: A'a. Gilaifoset, wato sinadarin kashe ciyawa da ke cikin Roundup, bai kai farakwat kisa ba, amma shansa da yawa yana ƙona ciki, ya saukar da bugun jini, ya lalata ƙoda. Ɗauraye jarkar sau 3, ka juye ruwan a injin feshi, ka huda ta. Ragowar magani kuma a bar shi a jarkarsa, a kulle nesa da yara da duk wanda kuka ga yana cikin ƙuncin rai.