Tambaya da Amsa: Rokokin Elon Musk da Abin da Zai Iso Kaduna

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum a Facebook sai in ga wasu na cewa Elon Musk ne zai ceci 'yan Adam, wasu kuma na cewa ɗan kasuwa ne mai daɗin baki kawai. A zahiri me ya yi? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sai ka ware abin da aka riga aka gani da ido daga abin da har yanzu alkawari ne. Babban aikin da ba mai musu a kansa shi ne na roka. Kafin kamfaninsa na SpaceX, wanda ya kafa a 2002, yawancin rokoki sau ɗaya ake amfani da su: a harba, gangar jikin ta faɗa teku ko ta ƙone, a ƙera wata. Alhali man da roka ke sha, wato tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗinta. Tsadar tana cikin injinan. Sashen ƙasa na rokar Falcon 9 injina tara gare shi, kuma a Disamban 2015 aka fara dawo da shi ya sauka a tsaye lafiya. A Maris 2017 aka sake harba wanda ya taɓa tashi. Yanzu akwai waɗanda suka tashi fiye da sau ashirin.

Wannan ne ya karya farashin kai kaya sama, kuma daga nan harba taurarin ɗan Adam ya ƙara sauƙi: na hasashen yanayi, na duba gonaki, na intanet. Sai dai kada a ɗora wa mutum ɗaya aikin dubban injiniyoyi. Kwangilolin hukumar NASA ta Amurka ne suka riƙe SpaceX tun yana rarrafe, bayan rokarsa ta farko ta faɗi sau uku kafin ta yi nasara a 2008. Tesla ma, mai ƙera motocin lantarki, ba shi ya kafa ta ba; Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne a 2003, shi kuma ya shigo da jari a 2004.

Tambaya: Malam, ina kula da wani ƙaramin asibiti a ƙauye ta wajen Kachia, kuma sabis ɗin waya ba ya zama. An ba mu shawarar Starlink. Me ya bambanta shi da intanet ɗin dish na da, kuma me za mu tanada? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, bambancin nisa ne. Taurarin sadarwa na da, irin NigComSat-1R na Najeriya da aka harba daga Sin a 2011, suna tsaye ne a nisan kilomita 35,786, don haka saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Shi ya sa kiran bidiyo ke sarƙewa. Na Starlink, wato intanet ɗin kamfanin SpaceX, suna yawo a wajen kilomita 500, dubbansu, kowanne yana wucewa ta samanku cikin 'yan mintuna ya miƙa ku ga na bayansa. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka kunna shi, a Janairun 2023.

Abin da ke kayar da mutane ba na'urar ba ce, wuta ce. Dish ɗin da aka fi sayarwa yakan ci tsakanin wat 50 zuwa 100, gwargwadon samfurinsa. Mu ɗauki 75. A awa 24 ya zama wat-awa 1,800, kuma in aka ƙara abin da inbata ke cinyewa wajen juya wutar batir, ya kai kusan 2,100. A yankin Kaduna ku lissafa da awa biyar na cikakkiyar rana, ba awa goma sha biyu ba, saboda ranar safe da ta yamma ba ta cika fanel. Ke nan fanel biyu masu wat 300 kowanne su ne mafi ƙarancin abin da zai riƙe dish ɗin shi kaɗai. Ban saka firijin allurar rigakafi ko fitilu a ciki ba. Waɗannan lissafinsu daban.

Batir kuma, daga faɗuwar rana zuwa hantsi kusan awa 14 ne, wato ana buƙatar wat-awa 1,200 ko fiye. Batirin ruwa mai 12V 200Ah a rubuce yana ɗauke da 2,400, amma rabi kawai ya kamata a ja. Wanda ke zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare zai sayi wani kafin shekara ta zagayo, ya kuma zagi mai shago a banza. Na lithium irin LiFePO4 mai 24V 100Ah yana ba da wajen 2,500, ana iya jan kashi 80 cikin ɗari, kuma ya fi jure zafi. Ya fi tsada ranar saye, ya fi araha a shekara biyar. Kowanne kuka saya, kada ya zauna a ɗakin kwano marar taga, domin zafi na rage kwanan batir sosai. Kwantirola kuma, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, ku nemi samfurin MPPT, ba PWM ba, in ba haka ba wani kaso na wutar fanel ɗin zai tafi a banza.

Sai wurin kafawa. Dish ɗin na son sararin sama a buɗe, ba reshen mangwaro, ba tankin ruwa. Manhajar Starlink ta waya tana da wurin da za ku ɗaga kyamara ta duba muku ko akwai abin da ya tare. Ku yi wannan kafin a huda kwano. Reshe ɗaya ya isa ya riƙa katse ku duk bayan 'yan mintuna, daidai lokacin da tauraro ya bi ta bayansa. A damina, musamman ruwan Agusta mai ƙarfi, sabis zai yi rauni ko ya ɗauke na ɗan lokaci, don ruwa na shanye irin wannan sigina; ba lalacewa ba ce. Tsawa ita ce abin tsoro: a sa ƙarfen kariya sama da dish, a binne wayarsa da kyau a ƙasa. A hunturu kuwa a wanke fanel da sassafe aƙalla sau ɗaya a mako, ƙura na rage wutarsa ƙwarai. Kada a lanƙwasa wayar dish ko a matse ta da ƙofa, don ita ce ta fi saurin mutuwa, kuma ba kowane shago ke da irinta ba.

Kafin ku biya, ku tambayi kanku wa zai riƙa biyan kuɗin wata. An sha ƙara shi tun da darajar naira ta faɗi. Asibitin da aka kafa wa dish da kuɗin tallafi ba tare da kasafin wata-wata ba, ado kawai aka yi masa.

Tambaya: Ni bakanike ne a Panteka. Motocin lantarki irin Tesla za su kashe mana sana'a? Daga wani mai gyaran mota.

Amsa: Ba da wuri ba, maigida. Ga lissafin. Motar lantarki kan ci kilowat-awa 15 zuwa 18 a kowane kilomita 100. Zuwa Zariya da dawowa kusan kilomita 160 ne, wato wajen kilowat-awa 27. Soket ɗin gida na ba da kusan kilowat 2.3 ba tare da waya ta yi zafi ba, ke nan awa goma sha biyu na wuta ba yankewa. Ƙasar da duk wutarta ke kai-komo tsakanin megawat dubu huɗu zuwa biyar ba za ta ɗauki miliyoyin irin waɗannan motoci ba tukuna.

Amfanin Tesla gare mu ta bayan gida ya shigo. Gasar da ta tayar, musamman da kamfanonin Sin irin BYD, ta sa ana ƙera batirin lithium da yawan gaske har farashinsa ya sauko, shi ya sa yau kake ganinsa a shagunan sola. Abin da zai fara zuwa garejinka shi ne Keke Napep da babur masu batir, don tun cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafinsu ya fara fita. Ba su da fulogi, ba kafireto, ba juyen baƙin mai. Birki, taya, boris da shokozoba na nan yadda ka san su. Ka sa yaranka su koyi aiki da mitar auna wuta da gane allon da ke kula da cajin batir. Kuma ka ja musu kunne: batirin babbar mota na ɗauke da bolt 400 ko fiye, yana kisa nan take.

Tambaya: Gaskiya ne za a koma zama a duniyar Mars? Daga wata malamar sakandare, Kawo.

Amsa: Wannan na cikin jerin alkawura, Malama. Musk ya sha sa lokaci, lokacin ya wuce, ba wanda ya je. Iskar Mars kusan kashi 95 cikin ɗari kabon dayoksaid ce, nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, matsakaicin sanyinta wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Tafiyar wata shida zuwa tara ce, kuma sai bayan kowane wata 26 hanya ke buɗewa. Rokar Starship da ake ginawa don haka ta nuna abin mamaki a Oktoban 2024, da hasumiya ta cafke sashenta na ƙasa a iska, amma har yanzu ba ta ɗauki mutum ba.

In za ki buɗe wa ɗalibanki muhawara, ga wadda ta fi kusa da su. Musk da kansa ya faɗa cewa a 2022 ya ƙi kunna Starlink a kusa da Kirimiya lokacin da Yukren ta nema ana tsakiyar yaƙi. Mutanen jihar nan sun san abin da katse layi ke nufi, tun da an rufe sabis a wasu ƙananan hukumomi a ƙarshen 2021 saboda 'yan bindiga. Wancan hukuncin gwamnati ne, ana iya kai mata kuka. Ki tambaye su wa za a kai wa kuka in makunnin yana hannun kamfani a Amurka, kuma me hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, da ta ba shi lasisi za ta iya yi a kai.