Kada ka kashe yaron nan a kududdufi

Ka ce yaron labarinka uwarsa ta hana shi zuwa kududdufi, ya saci ƙafa ya tafi, kana tambaya ko ka bari ruwa ya cinye shi don yara su ji tsoro. Ajiye wayar nan tukuna, ɗana. Ku yaran yanzu sai ku yi tambaya ido na kan gilashi.

Ba zan tsaya koya maka "ga ta nan, ga ta nanku" da "ƙurunƙus" ba. Wanda bai sha wannan a gindin kakarsa ba, ya je ya sayar da rake.

Ni na taɓa kashe yaro a labari, kuma na biya diyyarsa da kuɗin gonata. Ɗan littafi ne mai shafi 32, da zane a kowane shafi. A na 28 yaron ya nutse, a na 30 ga uwa tana birgima a ƙasa, na rufe da "wanda bai ji bari ba ya ji hoho". Ji nake duk Kano babu alƙalami irin nawa. Na sayar da gonar gado na buga kwafi 2,000, har da bango mai launi.

Wani mai makarantar kuɗi ya ɗauki 800, wai sai ƙarshen zango zai biya. Ko takarda ban sa ya rubuta ba, don sahu ɗaya muke sallah. Zango na ƙarewa sai ga kwalaye a bayan akori-kura, littattafan duk maiƙo, wasu ba bango. Wai 'yan aji uku sun kwana suna firgita, iyaye sun yi masa ca. A nan kam yana da gaskiya, ban musa ba. Abin da har gobe yake ci mini rai shi ne, bayan shekara guda aka gayyace ni bikin ba da kyaututtuka a makarantar, sai na ga yara suna wasan kwaikwayo da labarina, kalma da kalma. Ƙarshen kawai ya sauya: mai wanki ya tsamo yaron, takalmin sallarsa ɗaya ya tafi a laka, ya je idi da tsohon silifa abokai suna yi masa dariya. Zauren ya ɗauki tafi. Ko sunana bai ambata ba, balle sisi. Allah ya isa.

Amma fa ɓarawon nan ya fi ni sanin yara. Mutuwa ta fi ƙarfin kan ɗan shekara takwas, rufe littafin zai yi. Takalmin salla kuwa ya san zafinsa. Hukuncin ya fito daga cikin laifin kansa, kada ka aiko da Dodo ko kura daga sama. Kuma ka sa kududdufin ya yi daɗi: sanyin ruwa a zafin bazara, abokai na kiransa matsoraci. In mai karatu bai ji shi ma zai je ba, ka yi wa'azi ne kawai. Uwar kuma kada ta yi dogon jawabi. Ta kalli ƙafarsa, ta miƙa masa tuwo.

Je ka gyara shafukan ƙarshe, ka kawo mini ranar Asabar da rubutun hannu. Ragowar nawa suna ɗakin baya in kana son gani, waɗanda gara ta rage.