Dalilin da ya sa tsatsa ke cin ƙarfen ɗori duk da rufin naitiraid

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa sukurun ɗorin ƙashi da muka yi wa rufin taitaniyam naitiraid, wato haɗin taitaniyam da naitirojin, rufin nan mai launin zinariya, ya fito daga gwajin ruwan gishiri da ramuka masu zurfi, alhali ɗan'uwansa da ba a rufa ba ya fito kusan lafiya lau. Wanda bai san amsar wannan tambaya ba, kyan launi kawai zai riƙa kai wa likitocin ƙashi.

Ƙarfen da muke aiki da shi, samfurin 316L na aikin tiyata, yana ɗauke da kuromiyam kashi 17 zuwa 19 cikin 100, da nikel kashi 13 zuwa 15, da ɗan molibdinam. Kuromiyam ɗin ne yake haɗuwa da oksijin ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ko an kankare ta sai ta sake tsirowa, muddin oksijin yana isa wurin. To amma cikin jikin mutum akwai gishiri, ga ɗumi na digiri 37, kuma a ƙarƙashin kan sukuru, inda yake gogayya da farantin ɗori, fatar tana lalacewa fiye da yadda take farfaɗowa, har nikel ya fara tsiyaya cikin naman da ke kewaye, abin da jikin wasu ba ya ɗauka. Saboda haka ake yin rufi.

Rufin da muke yi ta hanyar PVD, wato mayar da taitaniyam tururi ya sauka a jikin ƙarfe, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, kaurinsa bai wuce maikiron 1 zuwa 5 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), taurinsa kuma ya haura 2,000 a ma'aunin Vickers, yayin da ƙarfen da ba a matse ba yake wajen 200. Sai dai rufin ba ya fitowa a toshe gaba ɗaya. Yana girma ne a tsaye, ginshiƙi kusa da ginshiƙi, da 'yan tsagogi a tsakani, sannan injinmu mai aiki da tartsatsin wuta yana watso ɗigon narkakken taitaniyam, waɗanda idan sun ɓamɓare daga baya suke barin kafofi har zuwa jikin ƙarfen. Da ruwan gishiri ya shiga irin wannan kafa, sai rufin da ƙarfen su zama ɓangarori biyu na batir: rufin ba ya ciwuwa, don haka duk cin da za a yi sai ya taru a ɗan wurin da ya buɗe, inda oksijin ma ba ya isa balle fatar ta sake tsirowa. Shi ya sa ramin sukurunka ya yi zurfi maimakon faɗi.

Akwai kuma matsalar taushin ƙarfen da ke ƙasa. Rufi mai tauri a kan ƙarfe mai taushi kamar busasshen ɓawon da ke saman taɓon kududdufi ne, ana taka shi sai ƙasan ya lotsa, saman ya tsage.

Maganin yana farawa tun kafin a kunna inji, da goge ƙarfen ya yi sumul, da wanke shi a asiton da sifirit, da kankare samansa da iskar agon a cikin tukunya, domin maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana rufi kamawa. Daga nan a shimfiɗa zallar taitaniyam siriri, sannan a jera rufin hawa-hawa, yadda kafar wani hawa ba za ta dace da ta na samansa ba. Abin da na fi amincewa da shi kuwa shi ne a fara cusa naitirojin cikin saman ƙarfen kansa don ya taurara, hanyar da Farfesa Tom Bell na Jami'ar Birmingham a Ingila da abokin aikinsa suka bayyana a 1985. Sharaɗinta shi ne kada zafi ya haura wajen digiri 450, domin idan ya wuce, naitirojin zai kama kuromiyam ya ɗaure shi, ka samu ƙarfe mai tauri wanda ya rasa abin da ke kare shi daga tsatsa.

A ganina, farantin da likita zai lanƙwasa a ɗakin tiyata don ya bi siffar ƙashi bai cancanci wannan rufi ba, tunda naitiraid ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Ya fi dacewa da kayan da ba a lanƙwasawa, irin su bakin abin huda ƙashi da almakashin tiyata.

Gobe ka ɗauko samfurin gwajin da ya shiga tukunya tare da wannan sukurun, ka danna masa bakin daimon na ma'aunin Rockwell, ka duba gefen lotsawar a madubin ƙara girma. Idan tsaga kawai ka gani, rufin ya kama, sai mu koma kan ɗigon da injin ke watsowa; idan kuwa ya ɓare ya bar farin ƙarfe a fili, to daga wanki za mu sake aikin.