Washa huɗu da suka cinye mini fili

Ajiye wayar nan tukuna, yaro, ka matso. Ka tambaye ni me ya sa na watsar da washar jan ƙarfen da ka ciro daga ƙarƙashin nozul ɗin Prado ɗin nan, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, alhali ba ta tsage ba, wai a wanke da fetur a mayar. Da wata tambayar ce, da na ce ka zuba ido za ka gani. Amma wannan ka fama mini tsohon gyambo, don haka zauna.

Fara sanin abin da ke gabanka. Injin 1KD ne, lita uku, silinda huɗu, bawul goma sha shida, da tobo mai cusa masa iska. A 2000 Toyota ta fara sa shi a Prado, daga baya ya shiga Hilux tare da ƙanensa 2KD mai lita biyu da rabi. Ba irin tsofaffin injuna su 3L da 5L ba ne da muka goge a kansu, waɗanda ko gas mai haɗe da kananzir ka zuba musu sai su yi tari su wuce. Shi wannan, kwamfuta ce ke ba nozul umarni, famfo kuma yana tara gas a bututu ɗaya da ƙarfin da in ya tsarto maka a hannu sai ya huda fata. Inji ne mai jimiri, na ga wanda ya haura kilomita 400,000 ba a buɗe cikinsa ba. Sai dai ba ya yafe ganganci.

Nozul ɗinsa a ƙarƙashin murfin sama suke, cikin wurin da baƙin mai ke yawo. Wannan 'yar washar da ka raina ita ce ƙofa tsakanin wutar silinda da baƙin mai. Sau ɗaya take matsuwa ta kama mazauninta. In ka kwance ka mayar da ita, ido zai ce lafiya, amma hucin wuta zai riƙa sulalowa ta gefen nozul yana soya baƙin mai, yana mai da shi gawayi. Gawayin ya gangara kaskon ƙasa, ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta. Daga nan tobo da mital, waɗanda kiranshaf ke juyawa a kansu, suke fara aiki a bushe, direba kuwa yana ta sharara gudu bai sani ba.

Shekara tara ke nan, wani Alhaji mai safarar kaya tsakanin Kano da Agadas ya kawo mini Prado irin wannan, lambar Nijar, tana kakkarwa in an tayar da ita da safe. Na kwance nozul huɗun, na gyara abin da ya kamata. Ranar Juma'a ce. Na tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa neman washa, ya tarar mai shagon da nake yarda da kayansa ya rufe ya tafi masallaci, bai dawo ba. Na ce, "Alhaji, a bari sai gobe." Ya ce shi da asuba zai kama hanya, mutane na jiransa a Damagaram. Na ce tsohuwar washa ba ta komawa. Ya dafa kafaɗata, a gaban yarana uku, ya ce, "Malam, mayar kawai, ni na ɗauki nauyi. In na dawo sai ka canza." Kunyar babban mutum ta kama ni. Na goge su, na mayar, na ɗaure. Wallahi hannuna yana ɗaurewa zuciyata tana cewa kar.

Bai dawo ba. Wata bakwai ban ga ƙeyarsa ba, ashe juyen baƙin mai ma a bakin titi yake yi, da man jarka wanda ba a san asalinsa ba. Ran nan da hantsi sai ga babbar mota ta sauke Prado a ƙofar garejin nan. Inji ya buga a bayan Tanut. Da na sauke kaskon ƙasa, rariyar ta daskare kamar an shafe ta da kwalta. Mital biyu sun narke, kiranshaf ya ci, tobo in ka kama sandarsa da yatsa tana rawa. Na ce, "Alhaji, ka tuna abin da na faɗa maka?" Ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai san wannan magana ba, shi dai ya biya kuɗin aiki. Ya kai ni caji ofis. Yarana suka ba da shaida, aka ce yaran gida ne, dole su bi bayan ogansu. Shugabannin ƙungiyarmu suka shiga tsakani, aka yanke in biya rabin kuɗin injin Beljiyam. Filin da na saya don in gina wa iyalina, shi na sayar. Yau unguwar ta cika da benaye, in na bi ta wurin sai in kau da kai. Mutumin nan har yanzu muna haɗuwa a ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu yana murmushi kamar ba shi ba.

Laifina ne da na saurare shi, ban taɓa musun wannan ba. Amma ƙaryar da ya shara a gaban jama'a, ita ce na bar shi da Allah.

Shi ya sa ka ga duk 1KD ɗin da ya shigo juyen mai, ina tsugunawa da tocila in leƙa ta ramin da ake tsiyaye man, in ga rariyar da idona. Ku kuwa kuna tsaye kuna dariya a waya. Yaran yanzu kuna so a yaye ku cikin shekara biyu, kowa ya sayi na'urar duba kwamfuta ya kira kansa injiniya. Na'ura ba za ta nuna maka rariya ba. Ni shekara takwas na yi ina wanke noti kafin maigidana ya bar ni in taɓa famfon gas.

Su juyen mai da canjin filta ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda bai iya wannan ba ya koma wankin mota. Abin da nake so ka riƙe, tayimin bel ɗinsa kilomita 150,000 ne, akwai fitilarsa a dashbod, kada mai mota ya lallashe ka ka kashe fitilar ba ka canza bel ba, don in ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo. Fitilar ruwa a filtar gas in ta kama, a tsiyaye nan take, ruwa shi ne ajalin nozul, musamman ga masu sayen gas wurin 'yan bumburutu. Lokacin hunturu ƙura tana cika iyakilina, abin da ya kuɓuce mata kuwa fukafukan tobo yake ci. Ka kuma gaya wa direbobi, in sun sha doguwar tafiya su bar inji a sulo minti ɗaya ko biyu kafin su kashe. Tobo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, in aka yanke masa mai yana da zafi, man da ya rage a cikinsa ƙonewa yake. In kuma nozul sabo ka sa, lambar da ke kansa sai an shigar wa kwamfuta, in ba haka ba kakkarwar ba za ta tafi ba.

Tashi ka karɓi kuɗi ka tafi Ƙofar Ruwa. Washa huɗu, da robobinsu, na cikin ledar Toyota. In ya miƙo maka na kwance a gwangwani, ka dawo mini da kuɗina.