Amsa ga mai Corolla da batirinsa ke zubar da ruwa

Ɗan'uwa sannu, Allah Ya mayar da alheri. Ka ce batirin Corollarka bai shekara ba amma kansa ya cika da farin gari mai ratsin kore, ƙarƙashinsa kullum a jiƙe, da safe sai motar ta yi ta nishi kafin ta tashi, kana neman a faɗa maka na wane kamfani za ka saya a wannan karon. Ina karantawa raina ya sake ɓaci, don wallahi abin da ya same ni ke nan sak. Na ga 'yan'uwa har sun fara jero maka sunaye, wannan ya ce Solite, wancan ya ce Atlas, wani ya ce in ba Bosch ba kada ka taɓa. Duk batura ne masu kyau in Allah Ya haɗa ka da na ainihi. Amma ni roƙona ɗaya, kada ka fitar da ko sisi sai an auna cajin motar nan. Batir ba ya zubar da ruwa haka siddan. Ko dai akwai abin da ke dafa shi, ko akwai abin da ya fasa shi, kuma in ba a gano ba abin yana nan yana jiran sabon da za ka ɗaura.

Awon ba wani aiki ba ne, ka nemi mai wayarin da ke da mitar awon wuta, ka tsaya a kansa ka ga lambar da idonka. Motar da ta kwana ba a tayar ba, lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.4 da sauran dama, in ya sauko 12.0 to cajinsa ya kusa ƙarewa. Sai a murza makulli mita tana jone, kada lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa. Na ukun shi ne maganarmu: inji yana aiki, cajin ya tsaya tsakanin 13.8 da 14.5. Da ka ga ya haura 15, musamman in an taka totur, altanetarka, wato na'urar da ke cajin batirin, tana ba shi wuta fiye da kima, ruwan cikinsa tafasa yake yi yana fitowa ta murafen yana cin duk abin da ya tarar. Alamominsa ma ba sa ɓuya: batir ya yi zafi bayan tafiya, gefensa ya kumbura, ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai in ka ɗaga bonet, ƙwan fitila ya riƙa ƙonewa ba dalili.

Kuma don Allah in wani ya ce zai gwada altaneta ta hanyar cire kan batir mota na aiki, ka riƙe hannunsa. Wannan dabarar zamanin Fijo 504 ce. Motocin yanzu da kwamfuta suke aiki, wutar da za ta yi tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona ta, ka tashi daga maganar batir ka koma maganar da ta fi ƙarfin aljihu.

Ni Camry ce tawa, ƙirar 2008. Da batirinta ya gaza na shiga wani shago a kasuwar kayan mota, ba zan faɗi suna ba, shi ya san kansa. Dattijo ne da furfura, carbi a hannu, yana ce mini Alhaji wannan ɗan Koriya ne, jiya aka sauke kwantena, in ya ba ka matsala cikin wata shida ka dawo mini da shi ka ɗauki wani. Bai ɗora mita a motar ba, babu ma mita a shagon. Yaronsa ya zo ɗaurawa, kan wayar bai zauna ba, sai ya ɗauki sifana ya hau bugu a kan batirin. Na ce kai yaro me kake yi haka, maigidan ya ce Alhaji kwantar da hankalinka, kullum haka muke yi. Ɗaya kan kuma ya yi sako-sako, yaron ya samo ƙusa ya cusa a tsakani. Ƙarfen da ke danne batir ya ce wai ya yi gajere, ya jefa mini shi a but, ya ɗaure da robar tayar babur. Na sake magana, aka ce ai duk motocin garin nan haka suke yawo.

Garanti bai ƙare ba abin ya faru. Cikin hunturu ne, wajen ƙarfe biyu na dare naƙuda ta kama maiɗakina. Gwaggona da ta zo zaman jiran haihuwa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce fito da mota, abin ya zo da gardama. Muka kamo ta muka sa a kujerar baya, na murza makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban sitiyari suka dushe. Na sake, ko ƙas ɗin ma babu. Motar otomatik ce, ba a tayar da ita da turi, da ko duk samarin layin ne suka taru. Na ɗaga bonet da fitilar waya a baki, na kama kan batirin in girgiza, wallahi sai ya biyo hannuna, garin nan ya cinye ƙarfen ya bar ɓawo kawai, ƙusar da yaron ya cusa ta zama tsatsa. A baya ina jin matata tana salati, gwaggo tana cewa ɗan nan yi wani abu mana. Me zan yi? Na bi gida-gida ba takalmi ina buga ƙofar mutane a wannan sanyin. Mai mota ɗaya a kusa da mu ya yi tafiya. Wani ya fito da niyyar taimako amma ba shi da wayar jona batir, ni ma a lokacin ko akwai ta babu inda za a maƙala. A ƙarshe wani bawan Allah mai adaidaita sahu a bayan layinmu ne ya fito da gajeren wando ya kwashe mu. Mace mai naƙuda a adaidaita, a kan hanyar unguwarmu da ba kwalta, iska tana shigowa ta ko'ina, gwaggo ta cire mayafinta ta tare gefe ɗaya. Duk ramin da muka faɗa sai na ji ta danne ihu. Allah Ya sa an sauka lafiya, amma har gobe in na tuna daren nan sai na ji zuciyata tana tafasa. Rigar shaddar da na jingina da motar kuwa, da aka wanke ta sai ga huji-huji a hannu da ciki, ruwan batir ya cinye.

Bayan suna na ɗauki batirin na koma. Da farko ya ce ba kayansu ba ne. Na fito da rasit. Ya juya shi ya ce ai babu lambar batir a jiki, ta yaya zai san shi ne. Shi fa ya rubuta rasit ɗin da hannunsa! Da ya ga mutane sun fara taruwa sai ya sauya baki, wai garanti ba ya ɗaukar batirin da ya zubar da ruwa, wai ni na fasa shi. Na ce yaronka ne ya buge shi da sifana a gabanka. Ya ce bai gani ba. Maƙwabcin shagonsa har da dariya, wai Alhaji wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Na ce ni kuɗin batir na biya, ba na rariya ba. Haka na fito ba ko naira, na bar shi da Allah, kuma ban yafe ba. Wani tsoho mai cajin batir ne ya sa farce ya ɗaga takardar da ke jiki, sai ga shatin tsohuwar a ƙasa, ya nuna mini inda aka yanke murfin aka sake liƙewa da gam. Tsohon batir ne aka yi wa wanka. Shi ne kuma ya sa mita ya nuna mini cajin motar ya haura 15, ashe abin da ya kashe na farkon ke nan. Mai shagon da ke tsoron Allah da minti biyu zai gano wannan kafin ya karɓi kuɗina.

To, na yi nisa. Maganar garin da ke kan batirinka: ka fara gano ta ina ruwan ke fita. Goge shi tas ya bushe, ka yi yawonka na yini, ka dawo ka duba. In ta murafen sama ne, caji ne ya yi yawa ko an cika masa ruwa har baki. In ta gindin kan ne, inda dalmar ta fito daga roba, to an taɓa bugunsa, wurin ya tsage, kuma wannan garin ba zai daina dawowa ba ko sau nawa ka wanke. In kuwa jikin ne ya tsage, babu gam ɗin da zai riƙe shi, kada wani ya yaudare ka. Yawanci girgiza ce ke jawo wannan, batir ba a ɗaure ba yana ta tsalle a hanyoyinmu.

Wankin da kanka ma za ka iya. Kashe mota, zare makulli, sa safar hannu ko leda, kuma kada kowa ya matso da sigari ko ashana don iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta. Da sifana lamba 10 ka fara kwance baƙar waya, mai alamar ragewa, sannan ja. In ka fara da ja, sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsin da za ka gani ba za ka manta ba. Ka dama bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumi, in babu ka jiƙa kanwa, ita ma tana kashe kaifin asid. Zuba a kan garin za ka ga yana kumfa, ka goge da tsohon buroshin haƙori har ƙarfen ya fito fes, ka ɗauraye, ka bushe. Kada dai ruwan sodar ya shiga cikin batirin. Masu zuba lemon kwalba su daina, suga suke bari a wurin. Wajen mayarwa ja ne farko, baƙa a ƙarshe, ka ɗaure sosai har ya zama ba ya juyawa da hannu, sannan ka shafa basilin ko giris a sama. Bayan ɗaurewa fa, ba kafin ba. In ruwan ya fantsama a ido, Allah Ya kiyaye, a yi ta zuba ruwa mai yawa na aƙalla kwata ɗin awa sannan a wuce asibiti.

Af, tsohon batirin kada ka ajiye shi a tsakar gida inda yara ke wasa, kuma kada a zubar da ruwansa a kwata. Dalma ce cike a ciki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ne, amma gubar ɗaya ce. Ka ba mai shagon ya rage maka kuɗi. Sai dai ni yanzu in zan bayar sai na sa ƙusa na karce jikinsa da kyau, don kada gobe a yi masa wanka a sayar wa wani.

Shi sabon, Corolla ba ta buƙatar ƙato, mai lambar ƙarfi (Ah) 60 ko 62 ya ishe ta. Mai 75 ba ya ɓata komai in ya zauna a mazauninsa kuma ƙarfen dannewa ya kama shi, amma girma ba ya maganin caji mara kyau. Ka lura da ɓangaren da jan kai yake, akwai na dama akwai na hagu, in ka ɗauko wanda ba naka ba sai an ja waya da ƙarfi. Ka ɗaga shi da hannunka: mai 60 na kirki yana kai wajen kilo 15, in ka ji shi sakayau an rage dalma. Ka duba kawunan, sabo ba shi da shatin ɗauri. Ka nemi ranar da aka ƙera shi, wanda ya haura wata shida a kan kanta ya fara tsufa tun bai shiga mota ba. A sa masa mita a gabanka, ƙasa da 12.4 ka ce a kawo wani. Koren idon nan da suke nuna maka kada ya ruɗe ka, ɗaki ɗaya yake kallo cikin ɗakuna shida. Sannan katin garanti, da lambar batirin da kwanan wata da hatimin shago, kuma ka ɗauki hotonsa a waya. Gara ka je wajen dila ka ƙara kuɗi. Na san tun da aka saki naira a 2023 farashin ya zama abin da ya zama, amma mai sayarwa ya fi sunan da ke jikin takarda muhimmanci, takarda kowa na iya bugawa.

Kada kuma ka sa rai da shekara huɗu ko biyar da ake faɗa a ƙasashen sanyi. Zafin Afrilu da ke haura 40 a nan, ga na inji a ƙarƙashin bonet, shi ke shanye ruwan batir, sai sanyin hunturu ya zo ya tona asiri da asuba. In ka samu shekara biyu ka gode Allah. Ni na fi son mai murafen da ake buɗewa saboda ina iya leƙawa, in ya yi ƙasa in ƙara tataccen ruwa ya rufe farantan dalmar da ke ciki kawai. Asid ba a ƙara shi, ruwa ne ke ƙonewa ba shi ba, kuma fiya wata da ruwan rijiya ba sa yi. In ka san ba za ka riƙa dubawa ba, ɗauki rufaffen.

Tun da ka ce ƙarƙashinsa a jiƙe yake, in an ciro batirin a ciro farantin da yake zaune a kai a wanke da ruwan sodar nan, a duba ƙarfen da ke ƙasa, in ya fara tsatsa a kankare a shafa fenti. A fere robar wayar kaɗan daga wajen kai a gani, in tagullar ciki ta koma kore har ta yi nisa, a yanke ko a sauya wayar gaba ɗaya, a sa sabon kai mai kauri, ba na gwangwani ba. In akwai tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ko rediyon Android da aka jona daga baya, mai wayarin ya duba ko suna shan wuta bayan an kashe mota.