Na'urar ɗumama abinci za ta iya kashe ƙwarin wake? Amsoshin tambayoyin manoma

Tambayoyi uku ne suka taru a hannuna kuma duk kan abu ɗaya suke zagaye, bari in haɗa su.

Wani Alhaji mai sayen wake yana ajiyewa a Dawanau ya ce ɗansa ya gaya masa wai Turawa da rediyo suke kashe ƙwarin hatsi, shi kam bai gane ba, yaya muryar rediyo za ta kashe ƙwaro?

Alhaji, yaronka bai yi ƙarya ba, amma ba akwatin rediyon da kake jin labaran BBC da shi ba ne. Igiyar da ke ɗauko muryar ita ake nufi. Idan aka tara ta da ƙarfi a wuri ɗaya aka sa abu mai danshi a tsakiya, ƙwayoyin ruwan da ke cikin abin sai su dinga juyawa suna bin igiyar, gaba baya gaba baya, gishirin da ya narke a ruwan shi ma yana kai da komo, wannan gogayyar ita ke haifar da zafi. Shi ya sa zafin a jikin abin kansa yake tashi, saɓanin tukunya da sai gindinta ya yi zafi kafin abin da ke ciki ya ji. Injinan masana'antu yawanci a kan megahaz 27.12 suke aiki, wato igiyar na kaɗawa fiye da sau miliyan 27 a sakan ɗaya, ita kuwa maikurowef, na'urar ɗumama abinci ta kicin, tata 2,450 ce. Wani injiniya Percy Spencer ne ya gano ta kicin ɗin a 1945 a Amurka, yana aikin rada, na'urar hango jirage daga nesa, sai cakulan da ke aljihunsa ya narke.

Abin da ya ja hankalin masana noma shi ne jikin ƙwaro da tsutsarsa ya fi busasshen hatsi ruwa nesa ba kusa ba, don haka ƙwaron na iya rigan hatsin ɗaukar zafi. Stuart Nelson na ma'aikatar noma ta Amurka ya shafe shekaru yana auna wannan a kan alkama, daga baya a jami'ar jihar Washintan suka gwada a kan 'ya'yan itace masu ɓawo. Har katakon da ake jibga kaya a kai a jirgin ruwa an yarda a gasa shi ta wannan hanya, sharaɗin dai ko'ina a jikinsa ya kai digiri 60 na minti ɗaya. A asibiti ma da irin igiyar ake ɗumama tsoka a sashen gashi. Amma Alhaji injin yana da tsada kuma wuta yake ci ba wasa, da irin wutar da muke samu ban ga yadda zai biya ka ba sai in kamfani ne mai fitar da kaya waje.

Sai wata Hajiya da ta ce tana da maikurowef a gida, za ta iya zuba waken shukarta a ciki ƙwarin su mutu?

Hajiya don Allah kar ki yi. Na ci, kofi ɗaya ko biyu, ba laifi. Amma iri a'a. Zafin maikurowef ba ya raba daidai, wani gefe ya ƙone wani gefe ko ɗumi bai yi ba, kin dai ga yadda tuwo ke fitowa, baki da zafi tsakiya da sanyi. Igiyarta gajera ce, kamar santimita 12, ba ta ratsa tarin hatsi da nisa, ta masana'antu kuwa ta kai mita 11. To inda ya yi zafi da yawa ƙwayar irin ta mutu, za ki shuka ki yi ta jira ba tsiro, inda bai yi zafi ba tsutsar na nan daram a cikin waken.

Zafi ne ke kashe ƙwaron, ko daga ina ya fito, kuma rana kyauta Allah Ya ba mu. Masana na jami'ar Purdue da abokan aikinsu a Marwa ta Kamaru sun nuna digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwaron wake, har ƙwai da tsutsar da ke ciki. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa don kar ƙasa ta shanye zafin, ki sa baƙar leda a kai, ki baza waken fale-fale, ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki naɗe bakin ki danne da duwatsu. Awa biyu da tsakar rana. Idan ya huce sai buhun PICS, buhun ajiya mai ciki uku da ke hana iska shiga, a matse iska a ɗaure kowane ciki daban. Waken dai ya zama ya bushe sosai tukuna, ki ciza ki ji ya ce ƙas. Wannan ya fi fiya-fiya da wasu ke yayyafa wa wake, wanda sinadarinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wakenmu a 2015, mu kuma a nan muna ci muna ba yara.

Na ƙarshe wani matashi ne da aka kafa sandar sadarwa a gefen gonarsa, yana tsoron ko igiyar za ta ƙona masa masara.

Ɗan'uwa kwantar da hankalinka. Injin gasa hatsi yana kulle ƙarfin dubban wat ne a ɗan akwatin ƙarfe, ita kuwa sanda watsa nata take sama ta ko'ina, kafin ya sauko gonarka ya tsinke, zafin da rana ke zuba wa ganyen ya ninka shi ba adadi. Idan ka ga masarar wajen ta yi rawaya ka duba jan ƙasar da suka tono suka baza lokacin gini, da inda man janaretan sandar ke tsiyaya. Ka ƙara taki a wannan gefen, ka yi ɗan rami ya kau da ruwan da ke gangarowa daga wajen janaretan.