Vitz, Focus ko Matrix? Amsa ga Hajiya mai atamfa a Kejetia

Wata baiwar Allah mai shago a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, a Ghana, ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kejetia, gidanmu yana Sawaba. 'Ya'yana huɗu, maigida kuma direban babbar mota ne, ba ya cika zama ba. Kuɗin tasi da na Pragya (keke mai ƙafa uku na haya) wajen kai yara makaranta ya ishe ni. Wata mai zuwa zan kwashi adashi na sidi dubu 90, ina so in ƙara dubu 40 daga shago in sayi ƙaramar mota ta hannu, irin mai ƙofa biyar ɗin nan da bayanta ke ɗagawa sama. Ƙanina ya ce Vitz. Wani dillali ya nuna mini Ford Focus mai kyau da araha. Maƙwabciyata kuma Matrix take ja. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa. Za mu zo kan motocin, amma dubu 40 ɗin nan na shago su suka fi tsaya mini a rai.

Wannan kuɗin jari ne, kuma jari yana haihuwa. A ce a shekara yana juyawa sau huɗu, kowane juyi yana bar miki kashi 10 cikin 100. Dubu 16 ke nan a shekara da za ki daina gani daga ranar da kika miƙa shi ga mai mota. Ke kika san lissafin shagonki, ki sa naki alƙaluman a gurbin nawa, ki ga abin da zai fito. Mota kuwa tun daga ranar farko darajarta ƙasa take yi, kuma kullum tana neman mai. Duk wanda ya yi kasuwa a ƙasar nan a 2022 bai manta ba: a watan Disamba na shekarar hauhawar farashi ya kai kashi 54.1 cikin 100, mutum ya sayar da kaya da riba, ya koma sari ya tarar kuɗin ba su sayen rabin abin da ya fitar. Waɗanda suka tsira su ne masu kauri a jari. Ga kuma lokaci. In sayen zai faɗo kafin azumi, kin rage wa shago ƙarfi daidai lokacin da mata ke neman ɗinkin Sallah. Shawarata ita ce motar ta fito daga adashi da ribar da kika ware, ko da hakan zai sa ki jira bayan Sallah. Bashin banki ko na masu ba da rance kuwa, ban ga dalilinsa a kan motar kai yara makaranta ba. Kuɗin ruwa a Ghana yana da nauyi, ban da abin da malamai suka faɗa a kansa wanda kin riga kin sani.

Sannan ko dubu 90 ɗin ma ba duka za ki ba mai mota ba. Ki riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar a gefe. Motar hannu ba ta zuwa gida ta zauna shiru. Akwai canjin suna a DVLA, hukumar rajistar motoci, da inshora, da takardar lafiyar mota, da juyen baƙin mai da na giya, sau da yawa har da tayoyi ko batir. In kika kashe komai a farashi, gyaran farko daga aljihun shago zai fito, mun koma inda muka gudu.

To, motocin.

Focus ɗin nan ki bar ta. Ba don jikinta ba, mota ce mai daɗin tuƙi. Amma in mai giya otomatik ce daga Amurka, ƙirar 2012 zuwa 2016, tana ɗauke da giyabos ɗin da Ford ta kira PowerShift, wanda ya yi ƙaurin suna wajen karkarwa da fizga lokacin tashi, har masu motoci suka kai kamfanin kotu a can. Fiesta ta waɗannan shekarun ma haka. Cunkoso irin na Kejetia zuwa Aboabo, tashi-tsaya tashi-tsaya, shi ne abin da wannan giyar ta fi ƙi. Dillalin bai yi miki ƙarya ba da ya ce tana da araha, dalilin arahar ne bai faɗa ba. Nissan Versa Note mai giyar CVT, wato otomatik marar hawa-hawa, ita ma ina jan mutane baya da ita in ta yi nisan tafiya, don in giyar ta tafi, yawanci sai dai a sauya ta ɗungum.

Vitz ɗin ƙaninki tana da hujja. Ba ta shan mai, kayan gyaranta sun cika Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma ranar da kika so sayarwa ba za ta kwana ba, saboda masu tasi da masu Bolt (tasin da ake kira ta waya) na nemanta. Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani. Vitz suna ne na kasuwar Japan, inda sitiyari yake a dama. Mu kuma tun 1974 a hannun dama muke tuƙi, sitiyarinmu a hagu, kuma ba a yarda a shigo da mai sitiyarin dama ba. Saboda haka Vitz ɗin da kike gani a titi, an ciro sitiyarin ne an mayar hagu. Wani aikin an yi shi da kyau, wani kuwa an yanke wayoyi an ɗaure da salatif, an huda ƙarfe an yi walda a inda ran mutum ya rataya. Ana ganewa. Ki duba inda goge-gilashi ke kwantawa, ki duba ko sandar sigina tana dama, ki leƙa ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja ki ga ko akwai ramukan da aka toshe. Lambar shasinta ma gajeriya ce, ba ta kai harafi 17 irin na motocin Amurka da Turai ba. Da yawansu kuma injin lita 1.0 ne mai silinda uku. Ki zuba yara huɗu da dila biyu na atamfa, ki kunna esi, ki nufi hawa, za ki ji tana nishi. In ranki na kan wannan jikin, ki nemi Yaris mai ƙofa biyar, 'yar uwarta da aka ƙera da sitiyarin hagu tun daga kamfani. Ta Amurka injin 1.5 gare ta, da tsohuwar giya otomatik mai hawa huɗu wadda kowane masta a Magazine ya san cikinta.

Kia Morning da Hyundai i10 sun yi miki kaɗan, kuma yawancin na hannu a garin nan sun sha aikin tasi.

Saura biyu, kuma a nan zaɓina yake. Honda Fit ƙarama ce a ido amma cikinta ya fi wajenta. An sa tankin manta a ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa kujerun baya ke kwantawa su baje sarai, ko kuma mazauninsu ya ɗaga sama ki tsayar da kaya masu tsawo. Ga mai ɗaukar kaya daga sito zuwa shago wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta Amurka ƙirar 2009 zuwa 2013 tana da giya otomatik ta gargajiya mai hawa biyar, daga 2015 aka koma CVT. Aibinta shi ne ta yi ƙasa. Hanyoyin cikin unguwa da damina ta zaizaye, da tudun rage gudu da ake ginawa kamar katanga, za su riƙa dukan cikinta.

Matrix ta maƙwabciyarki ita ce ta fi dacewa da gidanki. Corolla ce a ƙarƙashi, aka ɗaga rufinta aka buɗe bayanta. Injin 1.8 ɗinta na Corolla ne, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, kuma duk abin da ya lalace akwai shi sabo da na hannu ba tare da an aika Abossey Okai a Accra ba. Ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: Pontiac Vibe ita ma Matrix ce, inji ɗaya, giya ɗaya, tambari ne da fasalin jiki suka bambanta. Sau da yawa takan fi sauƙin kuɗi don sunan Toyota ba ya goshinta, sai dai fitilu da bamba nata daban ne, sun fi wuyar samu. Ki tsaya kan 1.8 mai jan gaba. Mai 2.4 ta fi shan fetur kuma an san injin da cin baƙin mai, mai jan ƙafa huɗu kuma ƙarin kayan lalacewa ne da ba ki buƙata. Matrix za ta fi Vitz shan mai, babu musu. A ce bambancin lita 3 ne a kowane kilomita 100, kina yin kilomita 800 a wata, lita 24 ke nan. Ki auna da farashin yau ki ga ko za ki iya ɗauka. Babban abin dubawa shi ne tsufa. An daina ƙera Vibe a 2009, Matrix ma ta tsaya tun fiye da shekara goma, kuma kwastam na ɗora tarar tsufa a kan motar da ta wuce shekara 10. Don haka kada ki sa a yo miki odarta daga waje. Ki nemi wadda take ƙasar nan da lambarta, a hannun mutum ɗaya da ya kula da ita, irin ma'aikaci ko dattijon da ke zuwa ofis da masallaci da ita.

Kuma ki tuna duk waɗannan mazaunin mutum biyar ne. Ke da yara huɗu kun cika ta. Ranar da Alhaji ya dawo daga tafiya aka tashi zuwa biki a Techiman, wani zai hau motar haya.

Kada kalmar "hom yus", wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, ta ruɗe ki. Mota ta sauka a Tema jiya ba ya nufin lafiyarta ƙalau. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora irin Copart da IAA, bayan haɗari ko ambaliya, aka gyara su a nan aka yi fenti. Wata gyaran ya yi kyau kuma ba laifi a saye ta in farashin ya nuna haka. Ki sa yaro ya rubuta lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna fitowa, ki ga gefen da aka buga da idonki. Ki lura kuma motar Amurka da mil take ƙirga tafiya: in agogo ya nuna 100,000, kilomita 160,000 ke nan, in ma ba a juya agogon baya ba.

Ba kya sayen dila sai kin kwance ta kin ga na tsakiya, haka za ki yi wa mota. Ki je da sassafe kafin a tayar da ita, ki ɗora hannu a kan bonet ki tabbata da sanyi, sannan a kunna a gabanki, wani ya tsaya a baya ya kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai. Lokacin da aka murɗa makulli, fitilun dashbod duka su kama sannan su mutu. In fitilar jakar iska ko ta inji ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne da gangan. Ki jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ki ga ko akwai layin da ruwa ya bari. Ki ɗaga kafet, ki ciro safaya ki duba ramin: busasshen laka ko tsatsa a ƙarafan da kujera ke gudu a kai alamar ambaliya ce, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ciwo. Bayan haka a kai ta Magazine a hau rami da ita, a sa mata na'urar bincike, a duba ƙafafu da ɗigon mai, a ga ko an yanke tukunyar tace hayaƙi an sayar. Makanikin ya zama naki, ke za ki biya shi kuɗin yininsa. Wanda dillali ya kawo, la'adarsa na cikin cinikin. Mai motar da ya ƙi a kai ta rami, ki yi masa godiya ki tafi.

Takardu kuma ba a yi musu kunya, ko da ɗan unguwa ne kuke sallah tare da maigidanki. Lambar shasi da ke jikin gilashin gaba da bakin ƙofa ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi. Sunan da ke takardun ya zama shi ne a Ghana Card ɗin mai sayarwa. A tabbatar a ofishin kwastam na GRA cewa an biya kuɗin fito, don motar da aka shigo da ita ta bayan fage ana kama ta a hannun wanda aka same ta, ba a tambayar ko shi ya shigo da ita. Shekarar da ke ƙarshen tsohuwar lambar mota shekarar rajista ce, ba ta ƙira ba. Kada ki tura kafin alƙalami ta MoMo, wato kuɗin waya, a kan motar da kika gani a hoto kawai. Ki biya ta banki, da shaidu biyu da takardar ciniki, kuma a ranar ku tafi DVLA tare a mayar da sunanki. Inshora ta dole wanda kika buge kawai take biya, ba ta gyara taki motar ba. Tunda sabuwar hannu ce ke a cikin garin da Pragya ke fitowa ta ko'ina, ki tambayi farashin cikakkiyar inshora ko da na shekarar farko ne.

Sai maganar ƙaninki. Na lura Vitz ya zaɓa, motar da ta fi shiga aikin Bolt da Yango. Mai yiwuwa nan gaba ya ce ki ba shi ya riƙa fita da ita da dare yana kawo miki wani abu a mako. In kina son wannan, kasuwanci ne daban, da lissafinsa da irin inshorarsa da yarjejeniya a rubuce, kuma motar za ta tsufa da sauri fiye da yadda kika tsara. Ki yanke wannan shawarar ke da Alhaji tun kafin mota ta shigo gida, ki faɗa wa ƙanin naki tun yanzu.